Takalmin Hagu na Bahago

Litinin, 4 ga Maris

Ƙanena Bahago,

Sallama da gaisuwa irin ta jini ɗaya. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran, da ita gwiwar taka da ba ta shiri da sanyi. Mu nan sai godiya. Yayarka, uwargidana, hawan jinin ya sauka. Likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta hana gidan gaba ɗaya, yanzu kowa haƙuri yake ci da cokali. Aiki alhamdulillahi. Na ƙara keken ɗinkin fata guda biyu, ma'aikata sun kai goma sha huɗu. Ni da na fara da basilla ɗaya a gindin bango, ka sani, ba sai na faɗa ba.

Za ka ce me ya kawo takarda bayan ga waya. Wayarmu ni da kai ba ta wuce "ya gida, ya aiki". Direban da ke kai mana kaya wajenku ya ce ya san shagonka na gyaran rediyo, shi ne na ce bari in ba shi.

Ranar Asabar da la'asar ma'aikatana suka ja ni sinima. Wai, "Maigida, shekara da shekaru kana shaƙar gam, zo ka shaƙi iska." Yayarka ta goya musu baya, ka san ta. Fim ɗin ƙwallon nan ne da ake ta surutu a kai: wasu 'yan unguwar talakawa, ko riga iri ɗaya ba su da ita, kocinsu tsohon direban tasi, suka yi ta kayar da manya har wasan ƙarshe. Labarin ƙanzon kurege dai. Ni mutanen ɗakin na tsaya kallo, don sun fi fim ɗin.

Wata mata a gabanmu, babba da ita, ta miƙe da jakarta a hammata tana yi wa alƙalin wasa faɗa. "Alƙali, ka ji tsoron Allah! Ko makaho ya ga wannan!" Mijinta yana jan mayafinta yana cewa, "Hajiya, bango ne." Wani dattijo kusa da ni, da aka zo bugun fenareti, ya rufe ido ya ɗaga hannu yana addu'a a kan ƙwallon da aka riga aka buga tun bara. Ma'aikacina mai yankan fata, mutumin da inji ya cire masa kan yatsa bai ce uffan ba, sai ga shi yana share hanci da hular aiki. Yayarka kuwa ta mintsine ni a damtse har yau wurin bai huce ba. Hatta mai yage tikiti ya bar ƙofa ya shigo ya tsaya, da ɓarawo ya so da ya shiga kyauta.

Akwai wurin da takalmin mai cin ƙwallonsu ya buɗe baki ana tsakiyar wasa. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ya yage rigarsa ya ɗaure takalmin, ya ruga ya jefa ƙwallo a raga. Kowa ya miƙe, kujeru suna ƙara, waɗanda ba su san juna ba suna rungumar juna. A nan na fita. Zafi ya yi yawa a ɗakin. Kuma ƙarya ce tsagwaronta: takalmin da ya buɗe baki ba ya cin ƙwallo, kayar da mai shi yake yi. A tambayi baduku.

Ina tsaye a waje ina jin tafinsu ta cikin bango, na ce a raina, ni na san wanda ƙwallo ta gama da shi yana ɗan shekara goma sha tara, kuma ba wanda ya tafa masa.

Ka turo min awon ƙafar yaran.

Yayanka

*

Alhamis, 28 ga Maris

Yaya,

Na amsa sallama. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda ka san ta. A gaishe da Yaya uwargida, a ce mata ta yi wa bayin Allah sassauci da gishirin nan.

Takardarka na karanta ta sau biyu, na biyun don in tabbatar idona bai yi min ƙarya ba. "Wanda ƙwallo ta gama da shi." Yaya, ba a gama da ni ba. Ina da shago, ina da mata, ina da 'ya'ya uku. Ɗingishi nake yi, ba bara ba. Batun basilla ɗaya kuwa mun ji, har kajin gidan nan sun haddace. Ba kowa ne Allah ya rubuta wa keke goma ba.

Fim ɗin ya iso mana. Mai gidan kallo ya sa shi ranar Lahadi da rana, aka cika benci har ana zama a taga. Kai ka ce ƙarya ce, ni kuwa na ji daɗinsa. Mai cin ƙwallon nan da hagu yake bugu. Yana yanke mutum biyu sai na ji an juyo ana kallona. "Bahago! Wallahi kai ne!" Telan unguwarmu ya hau benci yana ba matasa labarin yadda nake yin kwana da ƙwallo a bakin layi. Wani ya cire min hula ya ɗaga sama kamar kofi. Shekara ashirin da biyu rabon da a kira sunana da irin wannan murya. To ka ga, an tafa min.

Sai aka zo wurin da mai tsaron bayan manyan ya taɗe shi ta baya. Wani ya hango Dogo mai aski a bencin ƙarshe. Dogo dai, mutumin da muka tashi tare muna cin faranti ɗaya, wanda ya taɗe ni ranar da masu zaɓen 'yan wasa suka zo, don kada a ɗauke ni a bar shi. Aka ce, "Ga Dogo a majigi!" Ɗakin ya ɗauka: "Karya-ƙafa! Karya-ƙafa!" Har waɗanda ba a haifa ba lokacin suna yi. Wani ya jefe shi da ɓawon lemo. Ya miƙe, ya dube ni, ya fita, babbar 'yarsa tana bin sa tana rufe fuska.

Ban hana su ba. Gaskiya sanyi na ji a raina.

Awon ƙafar yana bayan takardar.

Ƙanenka

*

Talata, 9 ga Afrilu

Bahago,

Gaisuwa da fatan lafiya. Mu ƙalau.

Ba abin da nake nufi ke nan ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, alƙalami kuma ba ya bin hannuna yadda basilla take bi. Ban taɓa raina ka ba, Allah shi ne shaida. Tausayi na so in rubuta, ya fito da ƙaya.

Amma batun Dogo bai yi min daɗi ba. Mutum da furfura, a gaban 'yarsa. Kai ne za ka iya hana su, kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Abin da ya wuce ya wuce.

Na koma fim ɗin ranar Laraba ni kaɗai, na ce wa ma'aikata zan je duba fata. Wannan karon na zauna har ƙarshe. Da aka zo wurin taɗiyar, ɗaki guda ya ja tsaki lokaci ɗaya kamar an zuba ruwa a mai. Wani ɗan kwat a bayana ya ce, "Irin waɗannan ɗaure su ya kamata a yi." Mutum ɗari biyu, baki ɗaya, ba wanda ya ce a maimaita a gani.

Ga takalman yara nan, ɗinkin hannu ne, ni na yi da kaina. Ka bar Dogo ya sarara.

Yayanka

*

Asabar, 13 ga Afrilu

Yaya,

Lafiya lau. Takalma sun yi, yara sun gode.

Tun yaushe ka zama lauyan Dogo? Ni da na faɗi na ce ƙafata ce ta zame. Kai ne ka kawo min takalmin har gadon asibiti, ka juya shi a gaban Inna, ka ce, "Duba, lafiyarsa lau, ba santsi ba ne, taɗe ka aka yi." Kai ne ka tsaya a ƙofa ranar rasuwar Inna ka ce ba zai shigo ba, ya yi ta'aziyyarsa daga titi. Yau kuma fim ya sa ka tausayi? In kana da magana ka faɗe ta. In babu, ka bar ni da abokin gabana.

Ƙanenka

*

Lahadi, 5 ga Mayu

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki akwai. Mako uku ina fara takardar nan ina yagewa, wannan ce ta biyar, kuma ba zan sake karanta ta ba, don in na karanta ba za ta tafi ba.

Ina da magana.

Ka tuna ana gobe wasan ka kawo min takalmanka, ka ce na hagun ƙasansa ya fara ɗagawa ta wajen babban yatsa. Na ce ka bar shi, da safe ka zo ka ɗauka. A ranar ne shugaban makarantar unguwarmu ya ba ni aikin sandal ƙafa arba'in, aikina babba na farko, ya ce in ban kai ba kafin azahar zai ba wani. Na manta da naka sai da na ji muryarka a bakin titi kana gaisawa da mutane.

Kai ba baduku ba ne, bari in gaya maka yadda ake yi. Ana kankare wurin, a shafa gam gefe biyu, a bar shi ya sha iska har sai ka taɓa bai kama yatsa ba. Sannan a haɗa, a buga da guduma. Sannan a tsaga hanyar zare a ɗinke. Gam riƙon ƙwarya yake yi, ɗinki shi ne aikin. Takalmin zuwa kasuwa ma haka ake masa, balle wanda mutum zai yi kwana da shi a guje da dukan nauyinsa.

Ni na shafa gam, ban jira ba, na buga. Na tsaga hanyar zare, na cike ta da baƙin man takalmi don ta yi kama da ɗinki. Duka bai kai minti biyar ba. Ka karɓa ka ce, "Yaya, hannunka ba na mutane ba ne." Na ce a raina wasa ɗaya ne, zai riƙe, gobe in ɗinke.

Na kai sandal, na iso fili an dawo hutun rabin lokaci. Ina tsaye ta bakin layin da kake. Ka karɓi ƙwallo, ka yi kwanar nan taka, Dogo yana bayanka da taki guda. Na ga ƙasan takalmin ya naɗe a ƙarƙashin ƙafarka. Dogo bai taɓa ka ba. Tsalle ma ya yi don kada ya taka ka. Mutum ɗari suna kallon ƙwallo, ni kaɗai nake kallon takalmi.

Da a nan abin ya tsaya, da sai in ce gaggawa ce da ƙuruciya. Amma da aka cire maka takalmin aka ɗauke ka, ni na tsince shi a ciyawa, baki buɗe, gam ɗin ko bushewa bai gama yi ba. Na sa shi a cikin riga. Ban bi ku asibiti ba, shago na koma. Na kankare, na shafa, na jira, na buga, na ɗinke shi da zare biyu, na goga masa ƙasa don kada ɗinkin ya yi sabo. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba. Shi ne wanda na juya a gaban Inna.

Ina shiga asibitin na ji ana cewa Dogo ne, sai na bi. Na ji tsoron idon Inna. Na ji tsoron a ce baduku ya karya ƙanensa, wa zai sake kawo masa aiki? Daga baya kuma kullum sai ya zama jiya ya fi sauƙin faɗa. Ranar rasuwar Inna ba don ita na hana shi shiga ba. Ba zan iya zama tabarma ɗaya da shi ba ne.

A masana'antata duk wanda ya fitar da takalmi ba ɗinki, ranar zai bar aiki. Na kori mutum uku a kan haka. Ana cewa Maigida ba ya wasa da inganci, ni kuma ina gyaɗa kai.

Ba zafi ne ya fitar da ni daga sinima ba. Dariyar ce, da takalmin ya buɗe. Sannan tafin.

Ban san yadda ake roƙon irin wannan ba. Ban saba roƙo ba, ka sani. Ko Yayarka ban gaya wa ba. Kai ne ka fara ji, don kai ne mai haƙƙi. Abin da ka yanke, shi ke nan. In ka ce daga yau ba ka da wa, ba zan ce ka zalunce ni ba.

Yayanka, in ka yarda

*

Laraba, 26 ga Yuni

Bahago,

Sallama. Ina fata kuna lafiya.

Mako bakwai ke nan. Direba ya ce ya ba ka takardar hannu da hannu, ka sa a aljihu, ka ci gaba da kwance rediyo. Ya je sau uku tun daga nan, ya ce kana amsa gaisuwa, ba ka ba shi komai. Na kira wayarka tana ta ƙara. Ba na ƙorafi.

Na gaya wa Yayarka. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi. Ta ce, "Shekara ashirin ina gaba da Dogo a kan maganarka, ko gaisuwar matarsa ba na amsawa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ko zagi ne ka rubuto. Layi ɗaya ya isa.

Yayanka

*

Juma'a, 12 ga Yuli

Yaya,

Muna lafiya. Ƙaramar ta yi zazzaɓi, ta warke.

Ba shiru na yi don in hukunta ka ba. Ban san da wa zan yi magana ba ne. Mutumin da na sani a matsayin wana ba shi ne ya rubuto takardar nan ba, wanda ya rubuto kuma ban san shi ba.

Wata biyu tana aljihuna. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi na rufe shago na tafi wurin Dogo. Yana yi wa wani aski. Da ya gan ni a madubi hannunsa ya tsaya, wanda ake wa askin ya ce, "Malam, kunnena." Na zauna a benci na jira layi kamar kowa. Da wurin ya watse na ce, "Ba aski na zo ba." Ya ce, "Na sani, kanka ba abin da ya rage a aske." Ka ji, bayan shekara ashirin da biyu, abin da ya fara gaya min ke nan.

Na karanta masa takardarka tun daga sama har ƙasa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki tsintsiya ya share gashin da ke ƙasa, ya sake share wurin da ya riga ya share. Sannan ya ce, "Sau nawa na rantse maka?" Na ce, "Da yawa." Ya ce, "Har na fara shakkar kaina. Wani lokaci ina kwance sai in ce ko dai na taɓa shi ban sani ba." A nan ne na kasa riƙe kaina. Shi ya ba ni tawul ɗin aski.

Ya ce 'yarsa tun ranar gidan kallo ba ta son bin babban titi. Ya ce shi ya saba, ita ce ba ta saba ba.

Yanzu ka ji nawa. Gwiwa na bar maka ita. Minti biyar ne na gaggawa, kowa yana iya yi, kuma wa ya sani ko da an ɗauke ni ɗin da me zan zama. Ɗinkin da ka yi daga baya shi ne ban gama da shi ba. Da shekarun da ka zauna kana jina ina tsine wa aminina, kana cewa in yi haƙuri. Da abin da ka mai da ni, mutumin da aka jefi Dogo a gabansa ya ji sanyi. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka, amma kai ka ɗora min.

Kada ka aiko da komai. Ba mu son kaya, ba mu son direba. Mai gidan kallo zai maimaita fim ɗin ranar Lahadi ta ƙarshen wata, don mutane sun matsa masa. Waɗanda suka yi ihun nan duk za su dawo. Na roƙe shi minti goma kafin ya kunna, ya yarda. Ni zan zauna kusa da Dogo a bencin gaba. Kai za ka tsaya ka gaya musu abin da ka gaya min, da bakinka, ba da takarda ba. A gabansu aka ba shi sunan, a gabansu za a cire. Na tambaye shi ko hakan ya yi masa, ya ce shi bai nema ba, amma zai zo da 'yarsa.

Na san girman kanka, tare muka gaje shi. Za a yi maka ihu, wataƙila a jefe ka. In ba za ka iya ba, kada ka rubuto dalili, zan gane.

In za ka zo, motar safe ta fi. Mai ɗakina ta share ɗakin baƙi. Ban ce na yafe ba, Yaya. Na ce ɗakin a share yake.

Ƙanenka